Goggo Mai Kofi, Wadda Ta Sa Injiniyoyi Guntsar Ruwa

Kafin kowa ya iso, ita ta iso. Takan hau bene a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗaya riƙe da jaka. Ɗakinta ne na ƙarshe a baranda, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Ba shi da girma. Tebur, kujeru biyu, kwamfuta, da taga mai kallon bayan wani gini. A jikin ƙusa akwai tawul. A kan tebur akwai kofin silba da ya lotsa ta gefe ɗaya.

Takan buɗe taga. Ta wanke kofin, ta cika shi da ruwa, ta ajiye. Ta kunna kwamfuta, ta kai ɗan yatsa kusurwar allon ta sama, ta taɓa wani ɗan ɗigo kore da ke wurin, kamar uwa mai taɓa goshi ta ji ko da zazzaɓi. Sannan ta zauna. Sai ta zauna take amsa gaisuwa.

Goggo Mai Kofi ke nan. Ba ƙanwar uban kowa ba ce a ofis ɗin, amma har Manaja Goggo yake ce mata. A makon nan take ajiye aiki. Kuma saura ƙiris ɗakin nan ya bi ta, a tura kwalaye ciki a rufe. Zan zo kan wannan. Bari a fara sanin abin da ake yi a ɗakin.

Kamfanin yana ƙera kayan aikin bulokcen. A ofis sarƙa ake ce mata. Rubutu ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da shi tare, kowane sabon layi a ɗaure da wanda ya gabace shi. Abin da ya shiga ya shiga. Babu gogewa, babu "yi haƙuri, hannuna ne ya kuskure". A kan wannan sarƙa ake bin sawun magani. Kwali ya bar masana'anta, a rubuta. Ya isa sito, a rubuta. Ya isa asibiti, a rubuta. Da haka mai jabun magani ke rasa ƙofar da zai cusa nasa.

Ba mutane ke yin rubutun ba. Wakilai ne, wato manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ake sakar wa aiki su yi su kaɗai. Wakili ba ya zuwa horo. Ba ya leƙa ofishin maƙwabci ya ce, "Don Allah nan fa, ya ake yi?" Bayanin da injiniya ya rubuta a kan kayan aikin shi yake karantawa, ya yi abin da ya gane, da sauri, ko kunya ba ya ji. Inda bayani ya yi shiru, sai ya cike gurbin da zato. Zaton kuma ya hau sarƙa ya zauna daram.

Saboda haka sarƙa biyu ce. Akwai ta gaske, akwai ta gwaji wadda ake iya ɓatawa a share. In ɗigon kusurwar allo kore ne, kana kan ta gwaji. In ja ne, ka kiyayi hannunka.

Aikin Goggo shi ne duba bayanan nan kafin a sake su ga duniya. Ita ma injiniya ta karanta, rubutu ne ya janye ta. Ta rubuta littattafan bayanin injinan asibiti, na famfunan ruwa, na wayoyi, tun wasu daga cikin abokan aikinta na yau suna rarrafe. Da ta zo nan sai ta tarar da tsohuwar cuta a sabon gida. Injiniya zai rubuta rabin magana, ya bar rabi a kansa. Kana fara karantawa ya tsaya a kafaɗarka: "Ai nufina a nan..." Ta roƙe su su yi shiru, sun kasa. Ta juya musu kujera suna kallon bango, suka ci gaba da bayani wa bango. Wata rana wani ya cika mata kunne, sai ta miƙa masa kofin da take sha. Ta ce, "Guntsa. Kada ka haɗiye sai na ce."

Daga nan doka ta kafu. Wanda ya rubuta bayani zai zauna a kujera ta biyu, ya guntsi ruwa. Goggo za ta zama wakili. Za ta yi abin da ke rubuce, ba ƙari ba ragi. In marubuci ya haɗiye don ya yi magana, ko ya furzar, bayani ya faɗi, a koma a gyara. In aka kai ƙarshe ruwa na nan a baki, sai ta juyo da murmushi ta ce, "Haɗiye, an gode." Babu injiniyan da bai yi mafarkin kalmomin nan ba.

Wanda ya fi kowa shan ruwan ɗakin shi ne Dogo. Injiniya ne mai kai, mai saurin hannu, mai musu kamar an biya shi. Ranar farko ya shigo yana kaɗa takardunsa, sai da ya sunkuya saboda ƙofa.

"Goggo, kada ki wahalar da kanki. Wannan ko jariri ya gani zai gane."

"To madalla. Jaririn ne ma zai karanta. Guntsa."

Ya guntsa, ya harɗe ƙafa. Goggo ta gyara tabarau, ta share duk wata fara'a daga fuskarta, ta fara karantawa da wata irin murya marar gishiri.

"Aika labarin isowar kwali. In amsa ba ta zo ba, sake aikawa."

Ta aika. Da ma ta rage ƙarfin layin intanet da gangan, don a duniya layi yakan yi rauni. Amsa ba ta zo ba. Ta sake aikawa. Shiru. Ta sake. Dogo ya sauke ƙafa. Ta sake. Ya fara nuni da allo, ido waje.

"Mmm! Mmm!"

"Wakili ba ya jin mmm," in ji Goggo, ta sake dannawa.

Can layi ya farfaɗo, duk saƙonnin suka shige a jere. Kwali guda ya zama tuli a kan sarƙar gwaji. Dogo ya furzar da ruwan har kan gwiwarsa.

"Haba Goggo! Ai sai ki fara dubawa ko na farkon ya shiga!"

"A ina ka rubuta?"

"Ai kowa ya sani!"

"Kowa ɗin yana ina? Kira min shi. Sai mu ɗauke shi aiki, ya riƙa zama kusa da kowane wakili a duniya yana raɗa masa."

Ta miƙa masa tawul. Ranar ya gane dalilin ƙusar.

Abin dariya ne a ɗaki. A waje ba haka ba ne. Kowane kwalin ƙarya da ya hau sarƙar gaske wuri ne da aka share wa mai jabu. Sai ya kawo nasa ya ce ga shi a rubuce. Wani zai haɗiyi alli yana zaton magani ne. Goggo ba ta yi wa Dogo wannan wa'azin ba, ta san ya fi ta sani. Ta jawo kujerarta kusa da tasa, suka gyara layin tare. Ta nuna masa wurare biyu da ya rubuta da kyau, ta ce waɗannan ko ita ba za ta fi haka ba. Ya fita da jiƙaƙƙen wando yana washe baki.

Sauran labaran suna da yawa, kowa da nasa. Akwai wadda ta rubuta, "Sai a haɗa da sarƙa kamar yadda aka saba." Goggo ta kai wurin ta naɗe hannu, ta zuba wa bango ido. Aka yi ta jira. Da matar ta gaji ta haɗiye, Goggo ta ce, "'Yata, wakili bai saba komai ba. Yau aka haife shi, gobe ma za a sake haifar sa." Akwai wanda ya manta ya bar mabuɗin sirrinsa na gaske a cikin misali. Goggo ta karanta shi da ƙarfi, harafi harafi, yana zaune kumatu a kumbure yana ji. Ba ta kai rabi ba ya ƙware. Ta bubbuga masa baya, ta tura shi ya canza mabuɗin, kuma Manaja bai taɓa jin zancen daga bakinta ba. Shi mai mabuɗin ne yake ba da labarin da kansa yanzu, yana dariya har da hawaye.

Matar da ke amsa wayar masu ƙorafi ita ma shaida ce. Ta ce da can kunnenta har zafi yake. Tun da bayanai suka fara bi ta ɗakin ƙarshe, waya ta yi sanyi har ta koyi saƙa a bakin aiki. Hular da Dogo ke sawa in sanyin ofis ya yi yawa, ita ta saƙa.

Ke ce wannan, Goggo. Ke ce mai mai da kanki marar sani don mai sani ya ga ramin da ya bari. Sunanki ba ya kan bayani ko ɗaya. In bayani ya yi kyau, injiniya ake yaba wa. In ya yi kyau ƙwarai, ba a ma tuna an rubuta shi. Kin yarda da haka, kina wanke kofinki. Ke ce wadda ba ta taɓa ce wa mutum rubutunsa banza ne ba. Sai dai ki bar shi ya gani da idonsa, bakinsa a cike.

To, da ta sanar za ta ajiye aiki, ido ya gaji da allo, gwiwa ta gaji da bene, Manaja ya zo ɗakin da kansa. Mutumin kirki ne, ba ya kwana-kwana.

"Goggo, Allah ya sani ban raina aikinki ba. Amma aikin nan a kanki yake. Ranar da kika sauka benen nan, ya bi ki. Ga kwalaye sun cika mana baranda. Kuma akwai manhajar da ke ba bayani maki."

"Na san ta, Yallaɓai, ina amfani da ita. Tana gane in an manta misali. Har wakili na gaske nakan saka a sarƙar gwaji bayan na gama. Amma duk cikinsu babu mai sa marubuci gumi."

"To nuna min wani zai iya in ba ke. Rubuta yadda ake yi. A gwada shi da dokarki. In kin haɗiye, ɗaki ya zama sito."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Da kofina?"

"Da kofinki."

Kafin a tashi aiki labari ya zagaye bene. Goggo za ta guntsa. Mutanen da ta jiƙa wa riguna shekara da shekaru suka riƙa gaisawa da juna kamar an yi musu albishir. Aka nemi wanda zai zama mai karatu, Dogo ya ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba.

Ba ta damu ba. Mai gyara rubutun mutane ai nata ba zai gagare ta ba. Ta rubuta shi tsaf, gajere, babu kalmar da ta yi yawa.

Ranar gwaji ɗakin bai ɗauki mutane ba, aka cika baranda, wasu a kan kwalayen da ke jiran gadon wurin. An yi sharaɗi ba za ta taɓa komai ba tun daga ƙofa. Dogo ya cika kofi, ya miƙa mata da hannu biyu, har da rusunawa.

"Goggo, guntsa. Kada ki haɗiye sai na ce."

Aka tuntsire da dariya. Ta harare shi, ta guntsa.

Ya zauna a kujerarta, gwiwoyinsa na dukan tebur. Ya kwaikwayi muryar nan marar gishiri. "Buɗe taga." Ya buɗe. "Kunna kwamfuta." Ya kunna. Masu gyara sun taɓa injinan ofis a jajibirin ranar, kuma in an yi haka kwamfutar takan koma kan sarƙar gaske. Allo ya haska. Ɗigon kusurwa ja ne.

Goggo ta gani. Dogo ma ya gani, amma fuskarsa ko gezau. Ya ci gaba. "Buɗe bayanin da za a gwada." Ya buɗe wani tsohon bayani da aka ajiye don ranar. "Yi abin da layin farko ya ce." Layin farko ya ce a aika labarin kwali. Ya cike gurbin, ya ɗaga ɗan yatsa sama, ya fara sauke shi a hankali kan maɓalli.

"Mmm!" in ji Goggo.

"Wakili ba ya jin mmm," in ji baranda gaba ɗaya.

Yatsa na ƙara sauka. Sai aka ji ƙut, Goggo ta haɗiye.

"Kai Dogo! Ja ne! Ɗauke hannunka!"

Ya ɗauke. Ya juyo a natse, ya ɗaga takardarta. "A ina kika rubuta, Goggo?"

Ta karɓa ta duba sama, ta duba ƙasa. Babu. Abin da yatsanta ke yi kowace safiya kafin bakinta ya amsa gaisuwa, shi ne bai hau takarda ba. Ya daɗe da barin kanta ya koma hannu.

Ta ce, "Ai..." sai ta kama bakinta.

"Kowa ya sani?" in ji Dogo.

Ita ta fara dariyar. Ta yi ta yi har ta cire tabarau, ta jawo tawul ɗin ta share ido. Da ta lafa ta ce, "Ɗan nan, da ka danna?"

"Ni da ban danna ba. Wakili kam da ya danna."

Dariya ta ƙare, aka tuna sharaɗi. Mutane suka dubi kwalaye, suka dubi Manaja. Shi ma bai ji daɗi ba, amma magana ya yi a gaban jama'a. Dogo ne ya miƙe, kansa na neman taɓa silin.

"Yallaɓai, dokarta aka ce. Dokar ba ta ce wanda ya haɗiye a kore shi ba. Cewa ta yi ya koma ya gyara ya dawo. Ni da korar ake yi, da tuni ina gida ina kiwon kaji."

Manaja ya shafa gemu. "Sau ɗaya. Wata ya kusa ƙarewa."

A gida mijinta, Malam, tsohon mai gyaran famfo ne da ya riga ta hutawa. Ranar hutu da hantsi yana zaune a tsakar gida yana warware wani tsohon kan famfo da babu wanda ya sa shi, ta ba shi labari. Ya ajiye sifana don ya ji daɗin dariya.

"Yau Allah ya saka min. Kin tuna takardar da na manna miki a jikin injin ruwa? Kika bar tanki ya yi ta ambaliya, kina tsaye, wai ban rubuta a kashe ba."

"Ai ba ka rubuta ba, Malam."

"Ke ma ba ki rubuta ba, tsohuwa."

Can ta ce, "Ba faɗuwar ce ta dame ni ba. In aka rufe ɗakin nan, yaran za su koma rubuta rabin magana. Ba don sharri ba. Hannunsu ne zai san abin, kansu ya manta, kamar ni."

Malam ya daina dariya. Ya goge hannu a tsumma. "Kawo takardar. Ni ban san kan kwamfuta ba balle gindinta. Karanta min, in tsayar da ke duk inda na ɓata."

Haka suka yi. Tana karantawa yana tare ta.

"Wace kusurwa? Allo kusurwa huɗu gare shi."

Ta gyara.

"In ja ne fa, in gudu?"

Ta rubuta yadda ake komawa kore.

"In mutumin ya fusata ya miƙe?"

Ta tsaya. Wannan ma ba ta taɓa tunanin abin rubutawa ne ba. Ta rubuta: a miƙa masa tawul, a jawo kujera kusa da tasa, a fara nuna masa inda ya yi kyau.

"In ya ƙware?"

"A bubbuga masa baya, Malam, sai ka ce ba ka haifa ba."

"Rubuta."

Takarda ta yi ƙiba. Shayinsu ya huce ba wanda ya kula.

Ranar gwaji na biyu baranda ta fi cika. A sabon bayanin Goggo ta rubuta cewa ba a gwada bayani sai marubucinsa na zaune da ruwa a baki. Dogo ya karanta wannan layin, ya ɗaga kai.

"Ana neman marubuci."

Kowa ya sunne kai. Sai Manaja ya cire kwat, ya rataye a ƙusar tawul. "Akwai wanda na rubuta tun ina injiniya, har yau ana amfani da shi. Manhaja ta ba shi maki mai kyau. Kawo kofi."

Aka aro kofin roba daga kicin, aka ƙaro kujera. Goggo da Manaja suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kumatu a kumbure, kamar yara biyu da aka kama da alewa.

"Kunna kwamfuta," in ji Dogo. Ya kunna. "Dubi kusurwar sama ta hannun dama. In ɗigon ja ne, kada ka taɓa komai sai ka mai da shi kore, ga yadda ake yi." Ya duba. Kore ne. Duk da haka ya kai dogon yatsansa ya taɓa shi. Goggo ta lumshe ido.

Ya rage ƙarfin layi kamar yadda ta rubuta. Ya shiga bayanin Manaja. Layi na bin layi lafiya, har Manaja ya fara gyaɗa kai yana kallon jama'a. Sai aka zo inda ya ce a soke izinin tsohon wakili, a ba sabo. Bai faɗi wanda za a fara yi ba, kuma bai ce tsohon ne kaɗai ke iya miƙa izinin ba. Dogo ya bi rubutu yadda ya zo. Ya soke na tsohon. Ya juya zai ba sabo, sarƙa ta ce ba ta san shi ba. Ya rufe kansa a waje, mabuɗi a ciki.

Manaja ya miƙe zumbur. Ruwa ya fito ta baki, wani ta hanci.

"Kai! Ai sabon ake fara..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji kansa. Dogo ya dubi takardar Goggo, ya bi layi da yatsa, ya tashi ya zaro tawul daga ƙarƙashin kwat ya miƙa. Ya jawo kujera kusa da ta Manaja.

"Yallaɓai, kafin mu zo nan, dubi wannan sashen na sama. Ni ban taɓa ganin an bayyana shi sarai haka ba."

Manaja na share hanci yana dariya. "Wannan ma a rubuce yake?"

"A rubuce yake, Yallaɓai."

"To a kwashe kwalayen nan a nema musu wani wuri. Ɗaki na nan. Kai kuma Dogo, tunda kujerar ta karɓe ka, sai a ɗaga maka teburin."

Baranda ta kaure da tafi da sowa. Mai saƙa ta rangaɗa guɗa har waya ta yi ƙara ba ta ji ba. Ana ta rungumar Dogo. Sai wani ya waiga ya ce, "Ku dubi Goggo."

Tana nan zaune yadda take. Kumatu a kumbure, hannu a cinya, ido na ƙyalli.

"Goggo, an gama fa," in ji Dogo. "Kin ci."

Ba ta motsa ba. Ta ɗaga yatsa ta nuna takardar. Ya ɗauka ya duba ƙarshenta. Layin ƙarshe ya ce a rubuta sakamako, a kashe kwamfuta, a wanke kofi. Shi ke nan. Babu inda aka ce a sallami mai ruwa a baki. Ita da Malam duk sun tsallake shi, don shi ma a bakinta yake zaune, ba a kanta ba. Ta gano tun tana zaune, ta ƙi haɗiyewa, ta jira ta ga ko zai gano.

Dogo ya zaro biro daga aljihu. Ya sunkuya a kan tebur, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa a ƙasan nata. Sannan ya durƙusa a gabanta, har a durƙushen ma ya kusa kai ta tsawo, ya karanta abin da ya rubuta.

"Haɗiye, an gode."

Ta haɗiye. Ta ja numfashi. Ta ɗauki kofin silba ta dangwara masa a hannu.

"Ka riƙa wanke shi. Kuma ka sayo sabon tawul, wannan Yallaɓai ya gama da shi."

Goggo, ban iya doguwar magana ba. An gode. Injiniyoyin da kika jiƙa sun gode. Masu shan maganin da ba su san da ke ba, kuma ba za su sani ba, a madadinsu an gode. Allah ya hutar da gwiwarki, ya ƙara wa idonki haske, ya bar ki da Malam kuna musu a kan tanki shekaru masu yawa.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna aikin sarƙa ba. Duk wanda ke rubuta wa wani yadda ake yin abu, yadda ake shan magani ne, yadda ake ta da inji ne, yadda sabon ma'aikaci zai fara ne, ya nemi wanda bai sani ba ya miƙa masa. Ya cika bakinsa da ruwa, ya zauna ya kalla. In ya haɗiye, babu laifi, Goggo ma ta haɗiye. Ya koma ya gyara.

Jiya da safe an ga Dogo ya riga kowa hawa bene. Ya buɗe taga, ya wanke kofi, ya taɓa ɗigon. Aka gaishe shi daga ƙofa, bai amsa ba sai da ya zauna.